Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawarwari ga Gidajen Kirista a Tamale

Daren 31 ga Disamba da wuya ka sami majami'ar da ba ta cika ba a Tamale. Tun daga babban cocin Katolika har ƙananan ikilisiyoyin da ke aron azuzuwan makaranta a Kalpohin da Lamashegu, wa'azin kusan ɗaya ne: a zauna a shirye, ba wanda ya san ranar. A amsa da amin, a yi ta waƙa da rawa har asuba. Kashegari mai gaba da ƙaninsa yana nan da gabarsa, wadda ta taɓa kuɗin adashin mutane ba ta mayar ba, tsohon da ke ɗakin baya kuwa bai ga kowa ba.

In aka ce shiri, hankalin yawancinmu yakan tafi ga ƙahon ƙarshe da alamun zamani. Amma akasarinmu ba ta nan kiran zai zo ba. A watan Fabrairun 2016 wata bas da ta taso daga Kumasi za ta Tamale ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. A Maris ɗin 2019 bas biyu suka yi taho-mu-gama a wannan yankin, aka sake tafka asara irin wannan. Wasu kuwa zazzaɓin kwana uku ne, ko hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba.

Babi na 25 na Matiyu ya haɗa labarin 'yan mata goma masu fitilu da bayanin ranar shari'a, kuma abubuwan da aka lissafa a shari'ar duk na cikin gida ne: abinci, ruwan sha, masauki, sutura, dubiya da ziyarar ɗaurarre. Ba na raina kwanan addu'a. Sai dai a tawa fahimtar, shirin Kirista aiki ne da ake yi wa rayayyu, kuma kowane irin aikin nan yana da ranar ƙarewarsa, ko ranarka ko ranar wanda za ka yi wa.

1. Ku ƙara hannu ɗaya a tukunya, ku kuma san sunan mai ci.

Mutanen Tamale ba sa bukatar a ɗauko musu misali daga nesa. Dakta David Abdulai, wanda gari ya fi sani da Dakta Choggu, ɗan talakawa ne, mahaifinsa kuturu, cikin 'ya'ya 11 shi kaɗai ya rayu. A gidan Musulmi ya tashi, daga baya ya zama Katolika, ya yi karatun likita ya ƙware a aikin fiɗa. A 1991 ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu, inda ba a karɓar ko pesewa ɗaya, a 1999 ya ƙara wani a Wamale. Amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne tukunyarsa. Kullum sai an dafa abinci an bi titi-titi ana kai wa masu taɓin hankalin da ke kwana a bakin kasuwa da gindin bishiyoyi, har wasu suka riƙa kiransa likitan mahaukata. Ran Kirsimeti yakan tara makafi da kutare da marasa galihu a ci tare. Ofishin jakadancin Amurka ya ba shi lambar yabo mai sunan Martin Luther King a 2012. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Oktoban 2016.

Ba wanda ya ce ku gina asibiti. Abin ɗauka a wurinsa shi ne rashin fashi. Mai yunwa ya fi morar kwano ɗaya da ya san ranar zuwansa a kan buhun shinkafar da ke faɗo masa sau ɗaya a shekara. Maigida da uwargida su zauna su zaɓi mutum ɗaya a unguwa: gwauruwar da 'ya'yanta mata suka tafi dakon kaya a Akra ko Kumasi, makahon bakin masallaci, ɗalibin da ya zo daga ƙauye yana kwana a shagon wani. A sa rana, kamar Laraba da Asabar. A kwashi tuwon da zafinsa daga wanda za ku ci, ba ƙanzo ba, a sa a kwano mai murfi, miya a nata kwanon. Yaro ya ɗauka da hannu biyu, ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Iya, ga shi in ji Mama," ya jira ta juye ta miƙo masa kwanon. Jiran nan ba ɓata lokaci ba ne. A nan zai ji ko tana tari, ya ga ko randarta ta ƙafe, ya zo ya faɗa. In mai taɓin hankali ne, babba ya je, ya ajiye a inda mutumin ya saba zama, a lokaci ɗaya kullum. Kada a tambayi addinin mai karɓa, kada a ɗaura wa kwanon sharaɗin zuwa coci, kada kuma a ɗauki hotonsa a sa a Facebook.

2. Sulhun nan da kuke ta ɗagawa, ku je a makon nan.

Masarautar Dagbon ta san tsadar jinkiri. An kashe sarkinta, Ya Na Yakubu Andani II, a Yendi a watan Maris na 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya Na Abukari II, bayan doguwar shiga tsakani ta manyan sarakuna uku ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II. Kusan shekara 17 ke nan. An daidaita, mun gode Allah, amma dattawa nawa ne daga gidajen sarautar biyu da suka yi rikicin, gidan Abudu da gidan Andani, suka kwanta dama ba su ga ranar ba?

Rigimar cikin gida ba ta da sarakunan da za su zauna mata. Yawanci fili ne, ko wata magana da aka yaɓa a wurin suna, ko kuma ɗan da ya karɓi Almasihu ya daina taka gidan ubansa Musulmi tun ranar da aka yi masa faɗa. Shekara ta bi shekara, kowa yana jiran ɗaya ya fara. Koyarwar Yesu a Matiyu 5 ba ta bar wurin jira ba, domin ta sa sulhu da ɗan'uwa gaba da baiko. Mai zuwa coci shi zai fara takawa, ko da yana ganin shi aka cuta.

Ba a yin wannan ta saƙon waya. Ku nemi kawu ko gwaggon da kowa ke jin nauyinta, ku riƙe goro, ku je da sassafe, ku tuɓe takalmi ku tsuguna ku yi gaisuwa yadda ake yi a gidan. Ba ranar wa'azi ba ce, ba kuma ranar tone-tone ba. "Baba, na zo ne ka yafe mini, ba na son mu ci gaba a haka," ya isa. In ya kau da kai, ku tashi da ladabi, ku dawo ran Sallah.

3. Ku buɗe littafin bashi.

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar. Shafin dama abin da ake binku, na hagu abin da kuke bi. A fara biyan waɗanda ba sa iya buɗe baki su tambaya: mai koko, tela, mai kawo ruwa, yarinyar da ke muku aiki, leburan da ya yi muku yaɓe. Wasiƙar Yaƙub ta yi kakkausan gargaɗi a kan danne ladan ma'aikaci. Ma'ajin zumuntar mata ko uwar adashi kada ta cuɗa kuɗin jama'a da jarinta ko na kwana ɗaya. Mutuwa ta sha tona irin wannan ta bar iyali da kunya a gaban ikilisiya. Wanda kuke bi kuwa, in kun san ba shi da halin biya har kun yafe a zuci, ku gaya masa da baki a gaban shaida, ku soke sunan. In ba haka ba, magada za su tasa shi gaba bayan ranku.

4. Ku rubuta wasiyya, ku tara takardu wuri ɗaya.

Wannan ita ce mai wuyar faɗa. 'Ya ta ce, "Baba, takardun filin nan suna ina?" Ya ɗago ya dube ta: "Mutuwa kike kira mini?" Shi ke nan an rufe zancen. Amma da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, saƙon da annabi Ishaya ya kai masa shi ne ya kintsa gidansa, kuma bayan nan sai da ya ƙara shekara 15 a duniya.

Dokar wasiyya ta Ghana ta 1971 ba ta da sarƙaƙiya. Mai shekara 18 zuwa sama zai iya yi. A rubuce take, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci ɗaya, su ma su sa nasu. Kada wanda aka bar wa wani abu ya zama ɗaya daga cikin shaidun biyu, yana iya rasa rabonsa. In mai wasiyyar makaho ne ko bai iya karatu ba, sai wani ya karanta masa ya fayyace masa, a kuma rubuta cewa an yi hakan. Ana iya kai ta ajiya Babbar Kotu. Abin da mutum ya nema da guminsa ne kawai zai rabar, gidan dangi da gonar dangi ba sa shiga.

In mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar PNDC 111 ta 1985 ce ke aiki. Kayan ɗaki, da gidan in ɗaya ne, na matar ne ko mijin da aka bari tare da 'ya'ya, kuma laifi ne a kore su daga gidan kafin a raba gado. Dokar tana nan daram, amma matar da ke zaman makoki, 'yan'uwan miji sun tsaya mata a ka, ina ta ga ƙarfin zuwa kotu? Rubutun maigida ya fi saurin rufe bakin mutane.

Sai a nemi akwatin ƙarfe ɗaya a zuba takardun fili, takardar aure, takardun haihuwa, lambar fansho ta SSNIT, da jerin bankuna da layukan MoMo masu kuɗi. Mutum biyu su san inda yake. Ma'aikaci ya leƙa ofishin SSNIT ya duba sunayen magadan da ya bayar. Wani tun yana saurayi ya cike takardar, sunan mahaifiyarsa ne kaɗai a ciki, ba mata ba 'ya'ya.

5. Abin da kuke tanadar wa gawa, ku kashe wa mai rai.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne mamaci ranar da ya rasu, cikin likkafani, a dawo a zauna karɓar gaisuwa. Mu kuwa gawa takan yi makonni, wani lokaci watanni, a ɗakin sanyi, kowace rana da kuɗinta, ana jiran na Akra da na Turai su iso. Sai rumfuna, kujerun haya, atamfar anko, manyan hotuna a mararraba, lasifika, abinci da abin sha. Karrama iyaye ba laifi ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, tsohuwar da aka buga hotonta a jikin riguna ita ce ta yi damina bayan damina ɗakinta yana yoyo.

Ku ƙiyasta abin da za ku kashe a ranar, ku ciri kashi ɗaya cikin uku ku kashe yanzu. A gyara kwanon ɗakin, a sai katifa, a kai ta a auna jini da suga, a duba ido. Katin inshorar lafiya na NHIS shekara-shekara ake sabunta shi, ana kuma yi ta waya da *929#. Masu shekara 70 zuwa sama an ɗauke musu kuɗin shekara, amma katin da ya mutu ba ya amfani ranar da aka kwashi mutum sai asibiti. Ku duba na kowa a gidan yau, har na yarinyar aiki.

Yabon da ake karantawa a bakin kabari shi ma a faɗe shi yanzu. Peter Poreku Dery, wanda ya shugabanci Katolikan Tamale daga 1974 zuwa 1994, yana da shekara 87 aka naɗa shi kadinal a 2006. A keken guragu ya karɓi naɗin a Roma, ya rasu a 2008. Saura ƙiris girmamawar ta tarar da shi a kabari. Ku tara jikoki ran wata Lahadi, a dafa abin da Kaka ke so, kowa ya faɗi alherin da ta yi masa tana ji da kunnenta.

6. Ku ba da jini, ku sa hular kwano.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti ya san kiran nan: ana bukatar jini, a nemo 'yan'uwa. Mai naƙuda da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini ba sa jiran a gama buge-bugen waya. Lafiyayye mai shekara 17 zuwa 60 da ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, ya sake bayan wata 4. Zumuntar matasa ta sa ranarta a Asibitin Koyarwa na Tamale sau biyu a shekara, kowa kuma ya san rukunin jininsa. Sannan a garin da babur ya fi mota yawa, maigidan da ya rataye hular kwano a hannun babur, ya goyo mata da yara biyu, jarraba Allah yake yi, ba bangaskiya ba ce.

7. Ku tsaya wa tsohuwar da aka fara nunawa da baki.

A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka lakaɗa wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, duka har ta mutu bisa zargin maita, jama'a na tsaye na kallo, wani yana ɗauka da waya. Daga baya kotu ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. Majalisar dokoki ta zartar da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Akwai matan da suka tsufa a sansanonin waɗanda ake zargi da maita na Gambaga, Gnani, Kpatinga da Kukuo ta wajen Bimbilla, nesa da jikokinsu. Cocin Presbyterian ya daɗe yana aiki a Gambaga, yana kula da su yana kuma lallashin danginsu su karɓe su, kuma mayar da mace ɗaya gida yakan ci dogon lokaci.

Abin ba ya farawa da sanda. Yaro ne zai ce ya yi mafarki da Iya, ko jariri ya koma, ko kasuwar kishiya ta karye. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: wasu masu kiran kansu annabawa a cikinmu su ke rura wutar, su ce wa mara lafiya wata tsohuwa ce a danginsa ta ɗaure shi. Iyalin da suka ji haka daga kan mumbari su tattara su bar wurin. Mantuwa, surutu ita kaɗai, fita da dare, kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa, duk alamun ciwon tsufa ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa, likita ake kai wa. Maigida ya kashe maganar tun tana tsakar gida. In ta riga ta fita waje, ku ɗauko tsohuwar ta kwana a wurinku a daren, ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ. Taron da ya riga ya ɗauki sanda ba ya sauraron fasto.

8. Ku bi watanni.

Bukatar mutane a nan tana da lokutanta, mai lura yakan riga ta. Da kaka, masara na araha, ku sayi buhu ɗaya fiye da na gida, a zuba a buhun PICS mai ninki uku saboda ƙwari, a ajiye sai Yuni da Yuli, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau, gona kuma ba ta nuna ba. Da hunturu, tsofaffin barguna da rigunan sanyin da suka yi wa yara kaɗan su fito daga akwati, a haɗa da ɗan man kaɗe saboda faso. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ruwan famfo na Dalun ba ya isar garin, unguwanni su cika da jarkokin nan ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor. Mai tanki ko rijiyar burtsatse ya buɗe wa maƙwabta, mai ɗebo ruwa a babur ya haɗa da jarkar wadda ba ta iya ɗauka. Lokacin sanƙarau ke nan kuma: zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, asibiti nan take, a yi addu'ar a hanya. A Agusta da Satumba, in aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, masu dangi a bakin kogi su tanadi ɗaki.

Gidan yarin Tamale da gidan marayu na Nyohini kuwa, a Disamba kowa yake tunawa da su. Ku je a Mayu. Ku fara tambayar ma'aikatan abin da aka yarda a shigar da abin da ya ƙare musu. Sau da yawa sabulu ne.

9. Ku yi addu'ar gida, ku kira Fasto ko Fada tun mara lafiya yana magana.

Minti 10 kafin barci ya isa, muddin kullum ne. A yi da harshen da Kaka ke ji, Dagbani ne ko Hausa ko Dagaare ko Frafra. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin Hausa tun 1932, cibiyar GILLBT da ke nan Tamale kuma ta daɗe tana aikin fassara cikin harsunan arewa, saboda haka Turanci ba dole ba ne. A karanta 'yan ayoyi, a ambaci mutane da sunansu, har da maƙwabci Musulmin da ke kwance. Wanda ya ɓata wa wani rai da rana ya nemi gafara kafin a tashi, babba ne ko yaro. Katolika kada ya jira Ista kafin ya je furta zunubi.

In ciwo ya yi tsanani, iyalai da yawa sukan ƙi kiran Fada, wai ganinsa da man shafewa zai sa mara lafiya ya fid da rai. Sai numfashi ya fara sarƙewa a aika yaro da gudu, ya iso ya tarar ba baki. Ku kira shi tun mutum yana iya tashi zaune, ya yi tubansa, ya karɓi Jibin Ubangiji cikin hankalinsa. Ku tambaye shi a hankali wa yake son gani, ko akwai ajiyar wani a hannunsa, a Tamale yake son a binne shi ko a ƙauye. Amsar tambayar ƙarshen nan kaɗai ta isa ta hana dangi rigimar wata guda.

A jikin bangon falo, inda yaro ma zai iya karantawa, a rubuta lamba huɗu da manyan baƙi: 112 ta agajin gaggawa, ta Fasto ko katekis, ta maƙwabci mai mota, da ta ɗan yellow-yellow, wato mai babur mai ƙafa uku, da kuka tabbata yana ɗaga waya da tsakar dare.